Ƙididdigar wutar lantarki ta ƙasa

Ƙididdigar wutar lantarki ta ƙasa ita ce hanyar da ake bi wajen auna yawan wutar da tashoshin wata ƙasa suka samar, da wadda ta shigo daga waje ko ta fita, da wadda ta salwanta a hanya, da kuma wadda gidaje da masana'antu da ofisoshi suka sha a cikin wani lokaci, galibi shekara guda. Gwamnatoci na dogara da waɗannan alƙaluma wajen tsara gina sababbin tashoshi da layukan wuta, hukumomi na yanke farashin wuta da su, masu bincike kuma suna kwatanta ƙasashe da su.

Adadin da ake samu ya danganta ne da wurin da aka ɗauki awon. Wutar da aka auna a bakin injin tasha ta fi wadda ta hau layi yawa, wadda ta hau layi ta fi wadda ta isa ga masu amfani, wadda ta isa gare su kuma takan fi wadda aka biya kuɗinta. Shi ya sa akan ga alƙaluma mabambanta game da ƙasa ɗaya a shekara ɗaya, kuma kowanne yana iya zama daidai a inda aka auna shi.

Ma'aunai

Abubuwa biyu ake aunawa a harkar lantarki, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko shi ne ƙarfi, wato yawan wutar da ake bayarwa ko ake ja a daidai wani lokaci. Na biyu shi ne adadi, wato jimillar wutar da ta taru bayan an ɗauki tsawon lokaci ana bayarwa ko ana ja. Misalinsu kamar famfo ne da bokiti: ƙarfin zubar ruwan famfo daban, ruwan da ya taru a bokiti daban. Famfo mai ƙarfi da ke kawo ruwa na minti biyar a rana ba zai tara abin da ƙaramin famfo mai zuba yini guda zai tara ba.

Ana auna ƙarfi da wat, sunan da aka ɗauko daga James Watt (1736–1819), injiniyan Sikotiland da ya inganta injin tururi. Matakansa su ne:

Kilowat 1: wat 1,000
Megawat 1: kilowat 1,000
Gigawat 1: megawat 1,000
Terawat 1: gigawat 1,000

Adadi kuwa ana samunsa ne idan aka ninka ƙarfi da awanni. Na'ura mai jan kilowat 1 idan ta yi awa ɗaya tana aiki, ta sha kilowat-awa 1. Wannan shi ne abin da masu sayen wuta ke kira yunit. Dutsen guga mai wat 1,000 yana cinye yunit ɗaya a awa ɗaya, ƙwan fitila mai wat 10 kuma sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya cinye shi. Wutar ƙasa guda a shekara ana faɗinta ne da gigawat-awa, wato yunit miliyan ɗaya, ko terawat-awa, wato yunit biliyan ɗaya.

Idan ana son haɗa lantarki da sauran makamashi kamar fetur da gas da kwal a lissafi ɗaya, akan juya su duka zuwa ma'auni guda. Yunit ɗaya daidai yake da jul miliyan 3.6, kuma makamashin da ake ƙaddara yana cikin tan ɗaya na ɗanyen mai daidai yake da megawat-awa 11.63.

Ƙarfin da aka girka da wutar da aka samar

Ƙarfin da aka girka shi ne iyakar abin da injinan tasha za su iya bayarwa idan komai na tafiya daidai. Shi ne adadin da aka fi ambata a labarai idan an ƙaddamar da sabuwar tasha. Amma babu tashar da ke aiki da cikakken ƙarfinta dukan shekara. Ana tsayar da injina domin gyara, ruwan madatsa yakan ja baya da rani, gas yakan yanke, rana takan faɗi, iska takan kwanta.

A shekara akwai awa 8,760. Tashar megawat 100 da ta yi aiki babu tsayawa za ta samar da megawat-awa 876,000. Idan a ƙarshen shekara aka tarar 438,000 ta samar, ta yi amfani da rabin ƙarfinta ke nan. Wannan kaso shi ne ke nuna ainihin aikin tasha, kuma ya bambanta ƙwarai daga wani nau'i zuwa wani. Tashoshin nukiliya na Amurka suna haura kashi 90 cikin ɗari. Gonakin sola galibi suna tsakanin kashi 15 zuwa 25, saboda dare da gajimare. Madatsar Three Gorges da ke kan kogin Yangtze a ƙasar Sin, mai megawat 22,500, ta samar da kusan terawat-awa 112 a shekarar 2020, wato kimanin kashi 57 cikin ɗari na abin da za ta bayar da a ce ba ta taɓa sassautawa ba. Saboda haka megawat 1,000 na sola da megawat 1,000 na nukiliya ba wuta ɗaya suke bayarwa a shekara ba, kuma jera ƙasashe bisa ƙarfin da suka girka kawai yana iya ɓatar da mai karatu.

Akwai kuma ƙarfin da ke samuwa, wato na injinan da suke da lafiya kuma suke da mai ko ruwa a ranar da ake magana. Ko shi ma wani lokaci ba a iya fitar da shi duka, idan layukan dakon wuta ba za su iya ɗauka ba.

Matakan lissafi daga tasha zuwa gida

Masu ƙididdiga suna bin wuta mataki-mataki, suna cirewa suna ƙarawa, kamar yadda ɗan kasuwa ke bin kayansa daga sito zuwa hannun mai saye.

Matakin farko shi ne jimillar samarwa, wadda ake aunawa a bakin injin. Daga ciki tashar kanta tana shan wani abu domin tafiyar da famfuna da fankoki da injinan niƙa kwal da na sanyayawa. A tashoshin kwal wannan yakan kai kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a madatsun ruwa kuma bai cika wuce kashi 1 ba. Abin da ya rage shi ne tsantsar samarwa, wato wutar da ta bar tasha. Wasu hukumomi jimilla suke wallafawa, wasu tsantsa, kuma wannan kaɗai ya isa ya kawo bambancin terawat-awa masu yawa a babbar ƙasa.

Daga nan sai a ƙara wutar da aka shigo da ita, a cire wadda aka sayar wa maƙwabta. A ƙasashen da ke adana wuta ta hanyar tura ruwa zuwa tafkin da ke kan tudu da dare domin a sako shi lokacin buƙata, ana cire wutar da famfunan suka sha. Sakamakon shi ne wutar da ƙasa ke da ita domin amfanin cikin gida.

Sai a cire asara, wadda ta kasu gida biyu. Asarar fasaha ita ce wutar da ke zama zafi a cikin wayoyi da taransfomomi. Ba a iya kawar da ita gaba ɗaya, sai dai a rage ta. Idan wutar da ke gudana a waya ta ninka sau biyu, zafin da ake asara yana ninkawa sau huɗu, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake ɗaga matsin wuta zuwa dubban bolt kafin a kai ta nesa. Asarar da ba ta fasaha ba kuwa ita ce wutar da aka sha amma ba ta shiga littafi ba: satar wuta, kewaye mita, lalatacciyar mita da kuskuren rubuta bil. A duniya baki ɗaya asarar dako da rarrabawa tana kusan kashi 8 cikin ɗari. A Amurka kimanin kashi 5 ce, a wasu ƙasashe masu tasowa kuma takan haura kashi 20.

Abin da ya rage bayan wannan duka shi ne amfanin ƙarshe. Misali, idan aka ƙaddara tashoshin wata ƙasa sun samar da yunit 100, suka sha 4, aka fitar da 6 waje, aka yi asarar 15 a hanya, to yunit 75 ne amfanin ƙarshe. Wanda ya ce ƙasar tana da 100 da wanda ya ce 75 duk ba su yi ƙarya ba, wurin awonsu ne ya bambanta.

Mita da tarihinta

Tushen duk wannan lissafi shi ne mita. Lokacin da Thomas Edison ya buɗe tashar Pearl Street a birnin New York a 1882, mitarsa ta sinadari ce: ana ratsa wani ɓangare na wutar ta cikin kwalba mai faranta na ƙarfen zink, sannan ma'aikata su zo su ɗauki farantan su ɗora a sikeli, su lissafa kuɗin wuta daga canjin nauyinsu. A 1888 Oliver Shallenberger na kamfanin Westinghouse ya ƙera mitar da ke aiki da wuta mai juya alƙibla, irin wadda ake rarrabawa a yau. A 1889 Ottó Bláthy na kamfanin Ganz a ƙasar Hangari ya fito da mita mai faifai, wadda saurin juyawarta ke bin ƙarfin wutar da ake ja. Wannan nau'i ne ya mamaye duniya kusan shekara ɗari.

Daga baya mitocin lantarki marasa faifai suka maye gurbinta. Mitar kati, wadda ake sayen yunit kafin a sha, ta bunƙasa ne a Afirka ta Kudu a shekarun 1990, inda aka tsara ƙa'idar lambobi 20 da ake dannawa a jikin mita, kuma ƙasashen Afirka da dama sun ɗauki wannan ƙa'ida. Akwai kuma mita mai sadarwa, wadda ke aika karatunta ga kamfani da kanta, wani lokaci duk minti 15 ko 30. Kamfanin Enel na Italiya ya girka irinta kusan miliyan 30 tsakanin 2001 da 2006.

A manyan tashoshi da kan iyakokin ƙasashe ba a haɗa mita kai tsaye da layi, saboda wutar ta yi mata yawa. Ana amfani da ƙananan taransfomomin awo da ke rage ta bisa wani sanannen kaso, sai a ninka karatun. Irin waɗannan mitoci sun fi na gida daidaito nesa ba kusa ba, kuma galibi biyu ake sakawa, ɗaya tana tantance ɗaya, saboda kuɗin da ke rataye a kansu.

Awon kowane lokaci

Ba a iya tara lantarki mai yawa a ajiye cikin sauƙi, don haka dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake ja a kowace daƙiƙa. Ma'aunin da ke nuna wannan daidaito shi ne saurin juyawar wuta. A Najeriya da Nijar da Turai wuta tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60. Idan buƙata ta fi samarwa, injina suna yin nauyi, adadin ya sauka. Idan samarwa ta fi buƙata, ya hau. Idan ya kauce da yawa, na'urorin kariya suna cire tashoshi ɗaya bayan ɗaya, abin da ke jawo durƙushewar babban layin wuta.

Cibiyoyin kula da babban layi suna rubuta buƙatar kowace awa, kuma daga nan ake gane ƙololuwar buƙata, wato lokacin da aka fi jan wuta a rana ko a shekara. A ƙasashe masu zafi takan zo ne da bazara saboda fankoki da na'urorin sanyaya ɗaki, a ƙasashe masu sanyi irin su Faransa kuma da hunturu saboda ɗumama gidaje. Ƙololuwa ce ke nuna yawan tashoshin da ya kamata a gina, jimillar shekara kuma ita ke nuna yawan man da za a ƙona.

Shige da ficen wuta

Ƙasar da ke samar da wuta mai yawa ba lallai ne ita ke shanye ta ba. Faraguwai ta yi tarayya da Barazil a madatsar Itaipu mai megawat 14,000, da Ajantina kuma a madatsar Yacyretá, kuma ta daɗe tana sayar musu da babban kaso na rabonta. Faransa ta shafe shekaru tana cikin manyan masu fitar da wuta a Turai, amma a 2022, lokacin da aka tsayar da tashoshin nukiliyarta da dama domin gyara, wutar da ta shigo da ita ta fi wadda ta fitar, karo na farko cikin sama da shekara 40. A 2024 ta dawo ta fitar da rarar kimanin terawat-awa 89.

A kan iyaka ana bambanta wutar da aka yi cinikinta a takarda da wadda ta ratsa layi a zahiri, domin wuta tana bin hanyar da ta fi mata sauƙi ne, ko da ta cikin ƙasa ta uku ce. A Afirka ta Yamma, ƙungiyar ECOWAS ta kafa tsarin haɗa layukan wutar yankin a 1999, kuma hedikwatarsa tana Kwatano a Jamhuriyar Benin.

Rabe-raben amfani da kason kowane mutum

Ana kasa amfanin ƙarshe zuwa sassa: masana'antu, gidaje, kasuwanci da ayyukan gwamnati, noma, da sufuri. A duniya masana'antu ne ke kan gaba da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Lantarki kansa kimanin kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na makamashin da ake amfani da shi a duniya, sauran kuwa mai ne da gas da kwal da itace. Don haka ƙididdigar lantarki ba ita ce ƙididdigar makamashi gaba ɗaya ba.

A 2023 duniya ta samar da kusan terawat-awa 30,000. Sin kaɗai ta samar da sama da 9,000, Amurka sama da 4,000, Indiya kuma kusan 2,000. Domin a kwatanta manyan ƙasashe da ƙanana, akan raba jimilla da yawan jama'a. Matsakaicin duniya ya haura yunit 3,000 ga kowane mutum a shekara. Na Amurka ya kai kimanin 12,000, na Aisiland kuma ya wuce 50,000. Wannan ba yana nufin gidajen Aisiland suna shan wuta haka ba ne. Masana'antun narka alminiyam ne ke shan mafi yawanta, jama'ar ƙasar kuma ba su kai rabin miliyan ba. Kason kowane mutum matsakaici ne kawai, ba ya nuna wanda ya samu da wanda bai samu ba.

Saboda wannan giɓi ake auna samun wuta daban. Muradi na 7 cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya yana bin kason jama'ar da ke da lantarki, kuma rahotannin 'yan shekarun nan sun nuna sama da mutum miliyan 650 ba su da shi, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. A 2015 Bankin Duniya ya fito da tsari mai hawa daga 0 zuwa 5, wanda ke duba awannin da wuta ke zuwa da ƙarfinta da tsadarta, domin gidan da aka ja wa waya amma wuta ba ta zuwa sai awa biyu a rana bai kamata a lissafa shi daidai da mai samun awa 24 ba.

Masu tattara alƙaluma

A cikin gida, kamfanonin samarwa da na dako da na rarrabawa ne ke miƙa karatun mitocinsu ga hukumar da ke sa ido da ofishin ƙididdiga. Daga nan alƙaluman ke wucewa ga hukumomin ƙasa da ƙasa. Daga cikinsu akwai Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, wadda aka kafa a 1974 a birnin Paris bayan rikicin man fetur na 1973, da hukumar EIA ta gwamnatin Amurka da aka kafa a 1977, da sashen ƙididdiga na Majalisar Ɗinkin Duniya, da hukumar IRENA mai kula da makamashin da ake sabuntawa, da hukumar AFREC ta Tarayyar Afirka da ke Aljeriya. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji na bai ɗaya domin ƙasashe su riƙa ba kalmomi ma'ana guda. Duk da haka ana samun saɓani, saboda wasu ƙasashe kamar Indiya shekarar kasafi suke bi, daga Afrilu zuwa Maris, wasu kuma rahotonsu yana makara har sai an cike gurbin da ƙiyasi.

Misalin Najeriya

Najeriya na cikin ƙasashen da bambancin waɗannan matakai ya fi fitowa fili. Ƙarfin da aka girka a tashoshin da ke haɗe da babban layi ya kai kimanin megawat 13,000. Daga ciki akwai madatsar Kainji mai megawat 760 da aka kammala a 1968, da Jebba, da Shiroro mai megawat 600, da Zungeru mai 700, da tashar Egbin mai amfani da gas kusa da Legas, mai megawat 1,320. Amma abin da ke hawa layi a mafi yawan ranaku yana tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, kuma mafi girman ƙololuwar da aka rubuta zuwa farkon 2025 kimanin megawat 5,800 ce. Dalilan sun haɗa da ƙarancin gas, lalacewar injina, bashin da ake bin kamfanoni, da gazawar layuka. Kimanin kashi uku cikin huɗu na wutar daga gas take, saura daga ruwa.

Idan aka ninka matsakaicin megawat 4,200 da awa 8,760, za a samu kusan terawat-awa 37, wanda ya yi kusa da abin da babban layin ya samar a 2023. Idan aka raba wannan ga mutum sama da miliyan 220, kowa zai tashi da ƙasa da yunit 170 a shekara, tun kafin a cire asara da wutar da ake sayar wa Nijar da Benin da Togo. Firij ɗin gida guda yakan sha fiye da haka a shekara. Afirka ta Kudu, mai jama'ar da ba su kai kashi ɗaya cikin uku na Najeriya ba, tana samar da sama da terawat-awa 200.

Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ce ta wargaza NEPA, ta kuma kafa hukumar NERC mai sa ido, wadda ke wallafa rahoto duk wata uku. A Nuwamban 2013 aka miƙa mafi yawan kamfanonin samarwa da na rarrabawa ga 'yan kasuwa, dakon wuta kuma ya ci gaba da zama a hannun kamfanin gwamnati na TCN, mai layukan kilobolt 330 da 132. Cibiyar kula da babban layi tana Oshogbo.

Babban giɓin yana wajen masu amfani. A ƙarshen 2024 masu rajista da kamfanonin rarrabawa sun kai kimanin miliyan 13, amma waɗanda ke da mita ba su kai rabi ba. Sauran ana yanka musu bil ne bisa ƙiyasi, inda ake auna wutar da ta shiga layin unguwa, a cire ta masu mita, a raba ragowar. Wannan ya daɗe yana haddasa ƙorafi, har NERC ta sa iyaka ga irin wannan bil a 2020. Idan aka haɗa asarar fasaha da ta sata da kuɗin da ba a iya karɓowa ba, kamfanonin rarrabawa a jimlace suna rasa sama da kashi ɗaya cikin uku.

Awo ya kuma shiga farashi kai tsaye. Tun 2020 aka kasa masu amfani zuwa rukuni biyar bisa mafi ƙarancin awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Saboda haka karatun mitar da ke bakin layin unguwa shi ke tabbatar da ko mutanen unguwar sun sami abin da suke biya.

Misalin Nijar

Nijar kuma misali ce ta ƙasar da amfaninta ya fi samarwarta. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, ya daɗe yana sayen mafi yawan wutarsa daga Najeriya, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da kuma layin da ya tashi daga Katsina zuwa yankin Maraɗi da Damagaram. A arewa kamfanin SONICHAR yana ƙona kwal kusa da Agadas domin ba ma'adinan yuraniyam da garuruwan yankin wuta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar a watan Agusta a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, Yamai da wasu birane suka shiga ɗauke wuta mai tsawo, har zuwa bayan ɗage takunkumin a 2024. Wanda ya duba adadin amfanin Nijar kaɗai, bai duba layin shigo da wuta ba, ba zai hango wannan haɗari ba.

Abin da ke kuɓuce wa lissafi

Alƙaluman hukuma sun fi kama wutar da ta bi babban layi. Janaretocin gidaje da shaguna da masana'antu ba sa aika rahoto ga kowa. A Najeriya yawansu ya kai miliyoyi, kuma ƙiyasce-ƙiyasce da dama sun nuna jimillar ƙarfinsu ta ninka abin da babban layi ke bayarwa. Masu bincike kan ƙiyasta wutarsu ne daga man da aka sayar, bisa cewa lita ɗaya ta dizal tana ba da kimanin yunit 3, ko kuma daga tambayar gidaje da kamfanoni.

Solar kan rufi ma haka take, domin wutarta ana shanye ta ne tun kafin ta kai ga mitar kamfani. A 2024 Pakistan ta shigo da farantan sola masu ƙarfin kimanin gigawat 17, mafi yawansu na gidaje da gonaki da masana'antu. A irin wannan hali cinikin kamfanin wuta yana iya raguwa alhali jama'a sun ƙara amfani da lantarki.

Sannan amfani ba shi ne buƙata ba. Inda ake rabon wuta, mita tana rubuta abin da aka kawo ne kawai, ba ta rubuta abin da mai walda ko mai niƙa zai sha da a ce wutar ta tsaya. Wannan ɓoyayyar buƙata sai an ƙiyasta ta, kuma idan masu tsara manufofi suka ɗauki amfanin bara a matsayin buƙatar baɗi, za su gina abin da bai isa ba.

Amfani a fannin tattalin arziki da muhalli

Da yake karatun mita ya fi wasu alƙaluma wuyar murɗawa, masana kan yi amfani da shan lantarki wajen gwada lafiyar tattalin arziki. A 2010 mujallar The Economist ta haɗa wani ma'auni da ta raɗa wa sunan Li Keqiang, wanda daga baya ya zama firaministan Sin, bayan an ruwaito cewa shan lantarki da dakon kayan jirgin ƙasa da bashin banki yake dubawa domin sanin halin lardin Liaoning lokacin da yake jagorantarsa. A 2020, shekarar annobar korona, buƙatar lantarki ta duniya ta ragu da kimanin kashi 1 cikin ɗari, kuma alƙaluman kowace rana sun nuna tasirin kulle tun kafin rahotannin tattalin arziki su fito. Ana kuma amfani da hotunan hasken dare da taurarin ɗan Adam ke ɗauka domin gano garuruwan da wuta ke kaiwa a inda bayanai suka yi ƙaranci.

A ɓangaren muhalli, rarraba samarwa bisa nau'in makamashi ne ke ba da damar lissafa hayaƙin kabon. Yunit ɗaya daga kwal yana fitar da kusan kilo ɗaya, daga tashar gas ta zamani ƙasa da rabin haka, ruwa da iska da rana da nukiliya kuma ba sa ƙona komai a lokacin samarwa. Da waɗannan alƙaluma ne ƙasashe ke cike sashen lantarki a rahotannin hayaƙin da suke miƙawa ƙarƙashin Yarjejeniyar Paris ta 2015.